Gidan Ƙasa Ko Gida Mai Na'ura? Muhawara A Zauren Masu Gidajen Haya Na Zariya

Injiniya, Hanwa: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya a wurin ɗaurin aure ina nan a kanta. Duk wanda zai gina gidan haya a Zariya yau bai sa sola da na'urorin da ke kashe wuta da famfo da kansu ba, asara yake ginawa. A Afrilun 2024 aka kai wa 'yan Band A, wato rukunin da ake ba wutar lantarki mafi yawan awanni, yunit ɗaya na wuta naira 225. Fetur kuwa tun cire tallafi a Mayun 2023 janareta ya zama kayan ado.

Baba Magini, Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Injiniya ɗana, na ji ka. Amma wa ya jawo zafin da kuke sayen na'ura ku kora? Ku ne. Bulo inci shida, kwano a sama, silin roba, ga ƙatuwar tagar gilas tana kallon yamma. Tanda ce wannan. Zo ka shiga soron da aka haife ni a watan Afrilu da azahar. Bangon tubali mai kauri, kafin zafin rana ya ratsa shi dare ya yi. Ba mu taɓa biyan kowa kuɗin wannan sanyin ba.

Hajiya, Samaru: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ni dai zan faɗi abin da na gani. Ɗakunan ɗalibai gare ni. Da, kullum sai tanki ya cika ya yi ta ambaliya har lungu, maigadi yana barci. Aka sa min wata 'yar robar da ke yawo a cikin tankin, ruwa na kaiwa baki famfo ya mutu. Shi ke nan. Sannan na raba wa kowane ɗaki mitarsa ta kati, rigimar wane ne ya jona hita ta ƙare.

Injiniya: Kun ji ko!

Hajiya: Tsaya mana Injiniya, ban gama ba. Wani yaro ya lallaɓe ni na sa makullin get da ake buɗewa da waya. Ran nan aka yi ruwa da iska, batir ya sauka, sabis ya ɗauke, yarana bakwai suna tsaye a waje ƙarfe goma na dare. Sai da aka taso mai walda. Shi wanda ya sa min ɗin har yau wayarsa a kashe. Na koma kwaɗona.

Malam, Kongo: Ina bayan Baba. Masallacin Juma'a na fada, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi da ƙasa da azara a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Har yau ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello suna zuwa su ɗaga kai su kalli bakan gizon da ke riƙe da rufinsa.

Dillali, Sabon Gari: Malam, ai shi ma daga baya gini na siminti aka lulluɓe shi da shi. Ni da nake yawo da masu neman ɗaki daga Kwangila zuwa Gyallesu, tambaya uku suke yi: akwai ruwa, akwai wuta, akwai tayil? Ka ce wa ɗaliba ɗakin ƙasa ne, ko waiwaye ba za ta yi ba. Ga yaɓe duk shekara kafin damina, ga gara a azara.

Baba Magini: Kai yaro, gara ba ta cin azarar giginya. Ka ce dai giginyar ce ta yi wuya, wannan na yarda. Yaɓe ma gaskiya ne, gidan ƙasa ba ya son malalacin mai gida. Amma akwai bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a ɗan sa siminti. In aka shafe shi aka yi fenti, ɗalibarka ba za ta gane ba.

Injiniya: Baba, ban ƙi ta taka ba. Bari ma in ba ka hujja da bakina. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana shan kusan yunit guda a awa. Awa takwas a Band A ya haura naira 1,600 a dare ɗaya. In bango da rufi suka rage zafin, fanka ta isa, solar da zan haɗa ma ƙarama ce. Amma tubali ba ya jawo ruwa daga bohol, ba ya cajin waya.

Malam: Kuma solar taku da hunturu fa? Na maƙwabcina ƙura ta rufe shi ruf a watan Janairu, yana ta zagin batir.

Injiniya: Wanki kawai yake so, ruwa da tsumma da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Ina gaya wa mutane, ba sa hawa.

Hajiya: To ni ina da fili a Zangon Shanu, bayan damina zan fara. Baba, bulon matsin nan a ina ake bugawa? Injiniya kai kuma ka lissafa min famfon sola da fitilun waje kawai, kada ka sako min komai mai waya.

Baba Magini: Ki bari in zo in ga ƙasar wurin tukuna, Hajiya. Ba kowace ƙasa ke kamawa ba.