Yaya za mu haɗa masu fasaha da masana kimiyya kan gubar dalma?

Malamar Kimiyya, Gusau:
Assalamu alaikum. Ni da wasu abokan aiki muna son mu zaunar da likitoci da masu gwajin ƙasa wuri guda da mawaƙa, 'yan wasan kwaikwayo da masu zane, domin a yi aiki tare kan gubar dalma. Tun bayan masifar 2010, lokacin da ƙurar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ake ta faɗakarwa, amma har gobe haƙar zinare ce abincin gidaje da yawa. Ta ina za mu fara, yadda masu fasaha ba za su zama 'yan amshin shata ba?

Tsohon Ɗan Wasa, Talata Mafara:
Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ku rubuta saƙo ku miƙa wa mawaƙi ya sa masa kiɗa, domin jama'a suna gane waƙar da aka yi da bakin aro. Ku fara nuna masa abin ya gani da idonsa. A ɗora na'urar gwaji a kan ƙasar da aka niƙa dutse a kanta ya ga lamba ta hau, sannan likita ya bayyana masa yadda yaro mai rarrafe yake dafa ƙurar ya kai hannu baki. Daga nan ku bar shi ya nemo baitinsa da kansa.

Ma'aikaciyar Lafiya, Anka:
Na yarda da Baba, sai dai ku yi yarjejeniya tun farko: masani ne mai maganar ƙarshe kan gaskiyar bayani, mai fasaha kuma kan salo. Waƙar da ta ce a daina haƙa ba wanda zai saurare ta. Abin da muke so ya shiga kunne shi ne a fitar da niƙa daga cikin gida, a jiƙa dutse kafin a niƙa, a sauya tufafi a wanke jiki kafin a ɗauki yaro. Kada kuma a nuna cewa magani kaɗai ya wadatar, domin a ƙauyen Bagega sai da aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a 2013 kafin likitocin ƙungiyar agaji ta Likitoci Marasa Iyaka (MSF) su soma ba yara magani.

Mai Zane, Gusau:
Malama, ku sa ladan masu fasaha cikin kasafi kamar na kowa, kuma ku nemi mata masu waƙa a gidajen biki, tunda a tsakar gida aka riƙa niƙa dutsen, inda maza baƙi ba sa shiga.