Neman taimako kan rarraba adireshin IP

Assalamu alaikum, malamai masana sadarwar kwamfuta. Ina koyon wannan fanni a nan Jos, kuma na maƙale a kan rarraba adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a hanyar sadarwa. A manhajar Packet Tracer, wadda ake kwaikwayon haɗa kwamfutoci da ita, na raba 192.168.1.0/24 (jerin adireshi 256) gida huɗu, kowane rukuni ya samu adireshi 64, 62 daga ciki ne ake iya ba na'urori. Kwamfutocin rukuni ɗaya suna jin juna lafiya lau, amma idan na aika ping (saƙon gwaji don ganin ko wata na'ura za ta amsa) daga 192.168.1.10 da ke rukuni na farko zuwa 192.168.1.70 da ke rukuni na biyu sai shiru, alhali duka suna kan suwic ɗaya, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci wuri guda. Shin dole ne in saka rauta (na'urar da ke isar da saƙo daga rukuni zuwa rukuni) tsakaninsu, kuma wane adireshi zan ba kowane rukuni a matsayin ƙofar fita, wato adireshin da saƙo ke bi idan zai tafi wani rukuni? Don Allah a warware mini, domin wannan ne ya hana ni ci gaba.