Neman shawara: ATP sintes ya ƙi zama a kaina

Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni, jarrabawa ta matso. Na haddace cewa enzayim ɗin ATP sintes na cikin mitokondiriya (sashen ƙwayar halitta mai samar da makamashi) shi ke haɗa sinadaran ADP da fosfet ya samar da ATP, wato sinadarin da ke ɗauke da makamashin da jiki ke aiki da shi, amma daga ina yake samun ƙarfin aikin? Me ya haɗa shi da abincin da muka ci? In ci gaba da hadda ne, ko akwai hanyar ganewa?

Malamin bayoloji: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye haddar tukuna, ɗauki biro ki zana. Mitokondiriya tantani biyu gare ta. A jikin na cikin akwai jerin furotin masu miƙa wa juna elektron ɗin da aka ciro daga abinci, har su kai ga oksijin a samu ruwa. Da ƙarfin wannan miƙe-miƙe uku daga cikin furotin ɗin ke tura H+ (haidirojin da ya rasa elektron ɗinsa) zuwa ratar da ke tsakanin tantanin biyu. Sai H+ su taru kamar ruwa a bayan madatsa, babbar ƙofar komawarsu kuwa ita ce ATP sintes. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, aka daɗe ana musa masa, sai a 1978 ya karɓi kyautar Nobel.

Wata 'yar uwa: Malam ya shimfiɗa, bari in ɗora. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne enzayim ɗin juyawa yake yi da gaske. Sashensa na Fo da ke nutse a tantani yana da zobe, shigar H+ ke juya zoben, shi kuma ya juya wani sanda da ya ratsa tsakiyar sashen F1, inda akwai gurabe uku da ake haɗa ATP a cikinsu. Kowane zagaye ATP uku ne, kuma a dabbobi masu shayarwa H+ takwas yake ci. Ki riƙe wannan da kyau, domin a nan ɗalibai ke faɗuwa: Paul Boyer ya gano cewa haɗuwar ADP da fosfet a cikin gurbin ba ta cin wani ƙarfi sosai, sakin ATP ɗin ne ke ci. John Walker ya fito da siffar F1 a 1994 daga zuciyar saniya, suka samu Nobel a 1997, shekarar da masana a Japan suka liƙa wa sandan siririn zare suka kalli juyawarsa ta madubin likita.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri Yaya. To idan tantanin ya huje fa?

Malamin bayoloji: Madalla da tambaya! H+ za su koma ta ɓarauniyar hanya, ƙarfin ya tafi a zafi, ATP ya ragu. Jarirai na yin haka da gangan a kitsensu mai ruwan ƙasa ta furotin UCP1, don ɗumama jiki. Ki saka shi a zanenki, sannan ki gwada hasashen abin da zai faru idan sinadarin oligomaisin ya toshe Fo.