Taimako: ƙonannen yadina sai farfashewa yake

Salam jama'a. Furojet ɗina na zane kan Hanaa Malallah ne, 'yar Iraƙin nan mazauniyar Landan da take ƙona yadi ta jera a allo don nuna abin da yaƙi ya yi wa Bagadaza. Na gwada salonta amma wallahi abin ya ƙi. Yadi mai roba narkewa yake ya dunƙule, sai na koma farin auduga na ƙona da kyandir, kalar ta fito yadda nake so, amma ina shafa gam sai bakin ƙunar ya farfashe, toka ta ɓata farin duka. Jibi zan miƙa. Me ake shafa wa ƙonannen yadi ya yi ƙwari kafin a manna shi?