A taimaka min da lissafin entalpi na ƙona gas ɗin CH4

Salam ƴan uwa, don Allah masu kemistiri ku duba min wannan lissafin, ya tsaya min a wuya kuma jarabawa ta matso.

Ana so a nemo entalpi, wato zafin da ke fita idan an ƙona CH4 (methane), ta hanyar ƙarfin haɗin atam. Wajen karyawa na ɗauki C-H guda huɗu a 413 kJ/mol kowanne da O=O guda biyu a 498, jimla 2648. Wajen ƙullawa kuma C=O biyu a 805 da O-H huɗu a 464, jimla 3466. Da na debe sai na samu -818 kJ/mol, amma littafi -890 ya rubuta.

Wani abokina yace wai -890 ɗin idan tururin da aka samu ya koma ruwa ne, ni kuma lissafina na tururi ne, kowane mol na tururi yana sakin kusan 44 idan ya koma ruwa. To tunda mol biyu na tururi ake samu, na ƙara 88 ɗin sai ya tafi -906, yanzu kuma ya zarce da 16! Daga ina 16 ɗin nan ta fito, ko don lambobin teburin ƙarfin haɗin atam matsakaita ne? Kuma a jarabawa wanne zan rubuta?