Wai me ya sa ƙarfin jaruman Marvel da DC yake hawa da sauka ne?

Dan_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu bin finafinan su Marvel da DC. Wai ni kaɗai nake ganin masu rubuta labarin nan ba sa riƙe amanar ƙarfin da suka ba jarumi? Ku duba Quicksilver, jarumin nan mai gudun tsiya, a X-Men: Days of Future Past na 2014, a kicin ɗin Pentagon masu gadi sun buɗe wuta, shi ko gogan naka ya toshe kunne da waƙa yana zagaye ɗakin yana ture harsashi da ɗan yatsa har da tsayawa ɗanɗana miya. Shekara ɗaya tsakani a Age of Ultron wai harsashi ne ya kashe Quicksilver. Na san kamfani daban ne, wancan na Fox wannan na Marvel, ɗan wasan ma daban, to amma ko a gida ɗaya haka abin yake. A Infinity War Wong ya rufe ƙofar tsafin nan ta guntule hannun ƙaton yaron Thanos, babban mugun fim ɗin, a New York, to me ya hana Doctor Strange ya yi wa Thanos ɗin haka a cire hannun da safar da yake jera duwatsun iko shida a kai gaba ɗaya kowa ya huta? Don Allah a fahimtar da ni.

Ummin_Sultan:
Wa alaikumus salam. Ai amsar a fili take ɗan uwa, in aka bar su da ƙarfinsu na gaskiya fim ɗin minti goma zai ƙare, wa zai biya kuɗin tikiti. Ka sake kallon Infinity War ɗin ka ga yadda aka bi manyan ɗaya bayan ɗaya aka ajiye su gefe. Hulk tun a farkon fim Thanos ya lakaɗa masa duka, daga nan ya ƙi fitowa daga jikin Bruce Banner, mutumin da yake rikiɗa ya zama shi, har aka tashi. Vision da yake ratsa bango ga dutse a goshi, tun a Scotland aka soke shi ya koma majinyaci ana ta jigilarsa har Wakanda. Thor kuma aka tura shi can wata duniya ƙera gatari. Captain Marvel a Endgame sai aka ce wai tana da aiki a wasu duniyoyin, sai dab da ƙarshe ta zo ta ratsa jirgin Thanos ya tarwatse, ka ga da tana nan tun farko ai babu labari. Shi ma Quicksilver ɗin naka ana gama Pentagon suka sallame shi ya koma gida.

Ni fa wannan bai cika damuna ba, abin da yake ɓata min rai shi ne a ce jarumi ba abin da ƙarfin yake ci masa. Shi ya sa har gobe Spider-Man 2 na 2004 yake gabana. Peter, wato Spider-Man ɗin, ga bashin kuɗin haya mai gida na tare shi a bakin ƙofa, an kore shi daga aikin kai fiza, karatu na neman lalacewa, yarinyar da yake so za ta auri wani, sai yanar ta daina fita yana tsakiyar sama ya faɗo. Can ma ƙarfin ya sauka amma da dalili, zuciyarsa ce ta gaji da abin. Da ya dawo ya tare jirgin ƙasan nan da jikinsa har ya suma fasinjoji suka ɗauke shi a hannu, wlh sai da na ji tsikar jikina ta tashi.

Abban_Hanifa:
Hajiya kin gama magana. Ku ƙara da Logan na 2017. Mutumin da muka saba ana harbi rauni na rufewa nan take, ga shi ya tsufa yana tari yana ɗingishi, ƙarfen da ke jikin ƙashinsa shi ne yake zame masa guba, farcen ma wani ya maƙale sai da ya sa hannu ya jawo shi. Kowane faɗa a fim ɗin sai ka ji tsoro don ka san zai iya mutuwa, kuma ya mutu ɗin. Haka Black Panther na 2018, kafin a yi karawar sarauta a bakin ruwa sai an ba T'Challa, jarumin fim ɗin, abin sha ya zare masa ƙarfin da wani ganye na musamman yake ba shi tukuna, kamar dai a kwance wa ɗan dambe layunsa a ce to shiga fili mu gani. Ka'ida ce aka kafa kuma aka bi ta, shi ya sa da abokin karawarsa Killmonger ya jefa shi ƙasa ba wanda ya ce an yi maguɗi.

Sadiq_Zinder:
Haba jama'a kun fiye bin ƙwaƙƙwafi. Abin nan fa daga littattafan zane aka ɗauko shi, Superman tun 1938 yake kuma a farko ko tashi sama ba ya yi, tsalle kawai yake, marubuta daban daban ne suka yi ta ƙara masa har sai da aka rasa mai iya taɓa shi aka kawo kryptonite, dutsen da yake karya masa ƙarfi. Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya, akta ɗaya ya daki mutum hamsin tabarau bai faɗi ba muna tafi, yau mu ne masu lissafin gudun harsashi? Maganar Doctor Strange kuma ai fim ɗin ya amsa, ya duba hanyoyi 14,000,605 guda ɗaya ce kawai ake cin nasara, ke nan yanke hannun ma ya gani bai yi ba.

Dan_Fagge:
Oga Sadiq wannan lambar ai ita ce babbar wayon, an kawo ta ne don a toshe bakin irina, duk tambayar da ka yi sai a ce ai Strange ya gani. Fim ɗin Indiya kuma bai taɓa zaunar da ni ya yi min bayanin dokar duwatsu shida ba, su kuwa waɗannan su suka kafa dokar da bakinsu. Anti Ummi na yarda da ke a kan Spider-Man, amma me za ki ce kan Thor? Mutumin da ya rasa uwa da uba da ƙani, garinsu ya tarwatse, ya samu dama a kan Thanos ya sara a ƙirji maimakon kai, wannan ai babban labari ne na mai baƙin ciki, sai Endgame ta sa masa tumbi ta mai da shi abin dariya.

Ummin_Sultan:
Thor kam rabi da rabi, wurin da ya koma baya ya haɗu da mahaifiyarsa ya yi kyau sosai, barkwancin ne ya yi yawa. In kana neman inda aka yi wa jarumi ɓarna ka je DC. Justice League na 2017 mutum biyar suna ta fama da bos, Superman na zuwa ya mai da shi abin wasa, to su sauran me aka tara su yi? Sadiq kai da kake kare su, zo ka kare min Batman v Superman, an kusa kashe juna wai sai aka shirya don sunan iyayensu mata ɗaya ne Martha. Ina jiranka.