Neman Hausar "jail": ina ake ajiye wanda ba a yanke wa hukunci ba?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina neman Hausar kalmar "jail" yadda malaman jami'o'in Amurka masu bincike a kan beli suke amfani da ita. A wurinsu ita da "prison" ba ɗaya ba ne. Ta biyun gidan gwamnatin jiha ne ko ta tarayya, inda ake kai wanda kotu ta riga ta ɗaure, galibi fiye da shekara guda. Ta farkon kuwa yawanci na gunduma ne, akwai irinsa wajen 3,000 a ƙasar, a kullum da mutum sama da 600,000 a ciki, kuma kusan kashi 70 cikin 100 ba a same su da laifi ba tukuna. Mu kuwa mun tara su wuri guda: kurkuku, gidan yari, gidan kaso, gidan maza. Wacce zan ɗauka?

Ɗan jarida: Malam, ka sa gidan gyaran hali ka huta. Tun da dokar 2019 ta sauya wa hukumar gidajen yarin Najeriya suna, ita muke faɗa a rediyo, kowa kuma yana ganewa.

Mai fassara: Ita ce ma wadda ba zan taɓa ba, ɗan'uwa. Ka dubi Kalief Browder. A 2010 aka kama shi a New York yana ɗan shekara 16, bisa zargin satar jakar goyo. Aka yanka belinsa dala 3,000, gidansu ba su da ita. Ya shekara uku a "jail" ɗin birnin da ke tsibirin Rikers, wajen biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici, ba a taɓa yi masa shari'ar ba, a 2013 aka janye ƙarar. A 2015 ya kashe kansa. In na rubuta cewa yaron nan ya zauna a gidan gyaran hali, na shaidi halinsa da lalacewa ke nan, abin da alƙali ma bai yi ba.

Tsohon magatakardar kotu: Ɗana, kalmar tana nan, ku ne kuka bar ta ta yi ƙura. Gidan waƙafi. A kotun alƙali in aka ɗage shari'a ba a ba da beli ba, cewa ake a kai shi waƙafi. Gidan yari na wanda aka gama da shi ne, Yari kuwa sarauta ce ta mai kula da ɗaurarru. Ko a kalmomin aikatau mun raba su: wannan an tsare shi, wancan an ɗaure shi. Asalin waƙafi daga Larabci ne, tsayawa. Maganarsa ce ta tsaya, ba ta ƙare ba.

Barista: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja a wuri uku. Sauran kashi 30 ɗin nan fa? Galibinsu masu gajeren ɗauri ne, na kwanaki ko watanni, su ba jiran shari'a suke ba. Sannan yaran yanzu in sun ji waƙafi, ko dai dukiyar da aka tsayar don Allah ce ta zo musu, ko alamar nan ta rubutu. Jaridunmu kuma sun riga sun sassauta ta, za ka ga an ce an tasa ƙeyar wane gidan waƙafi alhali shekara goma aka ɗaure shi.

Duk da haka ba na son a rasa bambancin, don binciken gaba ɗaya a kansa ya tsaya. A gundumar Harris ta Texas, wasu masu bincike, Heaton da Mayson da Stevenson, sun duba shari'o'in ƙananan laifuffuka suka wallafa a 2017. Sun gano wanda aka tsare ya fi takwaransa da aka saki amsa laifi da kashi 25 cikin 100, ya kuma fi shi samun hukuncin ɗauri da kashi 43. Wasu masu binciken kuma, Dobbie da Goldin da Yang, sun ga irin haka a Philadelphia da Miami a 2018, har da raguwar samun aiki daga baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum na ciki, aiki na neman kuɓucewa, haya na taruwa, sai a ce masa amsa laifi ka kwana gida yau. Ko bai aikata ba sai ya amsa. Wato zaman jiran ne yake haifar da hukuncin. In kalma ɗaya muka ba wuraren biyu, ta ina mai karatu zai ga wannan?

Malama daga Maraɗi: Barista, jan ki na farko yana da amsa daga wajenmu. A tsarin Faransa da muka gada akwai "maison d'arrêt", inda ake ajiye masu jiran shari'a tare da masu gajeren ɗauri, kamar dai na Amurkan. Sunan na tsayarwa ne shi ma, kasancewar 'yan ɗaurarru a ciki bai sa an sauya shi ba. Mu a baki kaso muke cewa duka, amma a rubutu waƙafin Baba ya zauna daram.

Barista: Na karɓa, Malama. To a kula da beli shi ma. Bahaushe in ya ji beli, mai tsaya wa mutum yake hangowa. Abin da ake rigima a kansa a Amurka kuɗi ne a ajiye kafin a fita, wanda ba shi da su kuma ya je wurin 'yan kasuwa su tsaya masa, ya ba su kamar kashi 10 wanda ba ya dawowa ko an wanke shi. Jihar New Jersey ta kusa kawar da wannan a 2017, jihar Illinois ta soke shi ɗungurungum a Satumban 2023. Wanda ya fassara da "an soke beli" ya juya labarin. Ana sakin mutane, kuɗin ne aka cire, alƙali kuma yana iya tsare wanda ya ga haɗari ne bayan ya saurari ɓangarorin biyu.

Mai fassara: Na gode muku, Baba Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya. Wurin da suke ce wa "jail", gidan waƙafi, da ɗan bayani a ambaton farko saboda matasa. Na ɗaurarru, gidan yari. Halin da mutum yake ciki, tsarewar jiran shari'a, mutanen kuma masu jiran shari'a, ba fursunoni ba. Sai belin kuɗi, da 'yan kasuwar beli, da gyaran tsarin beli. Ɗan'uwa na rediyo, roƙona gare ku: mu ma wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke. In kotu ta ɗage zama ta hana beli, ku ce gidan waƙafi.

Ɗan jarida: Zan kai wa edita, Malam. Sunan hukuma dai dole mu bar shi yadda doka ta sa, amma a labarin kotu zan fara da waƙafi.